Shekarar da Ɓeraye Suka Daina Mutuwa

Kusan duk wata sai samari biyu ko uku sun same ni a nan ƙofar gida a Kpakungu cikin Minna, sun ce in koya musu tatsar dafin maciji. Sun gani a waya. Wani Bature ya damƙi wuyan maciji da yatsu, ya danna bakinsa a kan kofi, ruwa ya ɗigo, shi kuma yana murmushi. An kuma gaya musu wai dafi ya fi zinariya daraja. Tambayarsu ta farko kullum ita ce ina ake sayarwa. Har yau ba wanda ya taɓa tambayata me maciji yake ci, ko wa ke kwashe masa kashi. To, tunda kun samu benci kun zauna, ku saurara, don ni ba ta kan kofi aka fara mini ba.

Asalina mai faci ne a Barkin Sale. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ina da aure har da 'ya'ya biyu, wata safiya na ɗaga wata tsohuwar tayar tirela da ta daɗe jingine a bayan rumfata, sai na ga baƙin abu a naɗe a ciki. Kafin in ja da baya ya miƙe ya buɗe wuya, ya feso mini ruwa a fuska. Idona na hagu ya ɗauki zafi kamar an cusa masa barkono. Nan da nan likitocin bakin titi suka taru. Wani ya ce a nemo mace mai shayarwa ta ɗiga mini nono, wani ya ce manja, mai shayin da ke kusa da ni ya rantse cewa maganinsa fitsarin wanda bai taɓa ƙarya ba ne, aka tsaya neman mai irin wannan fitsari a Barkin Sale. Ana cikin haka wani gajeren tsoho mai buhu a kafaɗa ya ratsa taron, ya fizgi jarka daga kurar mai ruwa, ya kama ƙeyata ya karkatar, ya yi ta kwarara mini ruwa a ido har jarka ta biyu ta ƙare. Da ya gama da ni ya juya kan tayar, ya zaro sanda mai lanƙwasasshen ƙarfe a baki, ya ɗauko macijin kamar mai kwashe shanya daga igiya, ya ce in riƙe masa bakin buhu. Duk wanda ke wurin ya watse. Ni abin da ya hana ni gudu, ba na gani sosai ne. Shi kuma ya ɗauka jarumta ce.

Sunansa Baba Luka, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Minna. Tun yana saurayi yake kamun macizai. Shi ya gaya mini cewa gamsheƙa ne ya fesa mini, kuma tofinsa in ya sauka a lafiyayyar fata ba ya komai, amma in aka bar shi a ido yana iya cinye shi. Ya ce yana neman mai riƙe buhu. Faci a lokacin ba ya riƙe gida, na bi shi.

Wurin aikin a Sauka Kahuta yake, a ɗakunan baya na gidan wani mutum da kowa ke kira Dakta. Daktan karatu ne, ba na asibiti ba. Ya koyar da ilimin sinadarai shekaru masu yawa, da ya yi ritaya ya buɗe ɗakin bincike na kansa. Ɗaki ɗaya na macizai, ɗaya na ɓeraye, ɗaya na kwalabe da firji da teburinsa. Dakta ya san dogon sunan da ke littafi na kowane maciji, ya san na kakanninsa, amma ban taɓa ganin ƙafarsa ta ƙetare dokin ƙofar ɗakin macizai ba. A nan yake tsayawa, hannu a baya, yana gyara wa Baba Luka yadda ake riƙo.

Aikina na farko akwatin wata kasa ne. Baba Luka ya ɗauke ta da sanda ya sa a ganga, ya miƙo mini guntun kwanon rufi da tsumma ya ce in kankare. Kasa takan yi sati-sati ba ta yi kashi ba, ran da ta yi kuwa sai maƙwabta sun sani. Wannan ma da sauƙi. Akwai wani ruwa da maciji ke tsartowa ta gindin wutsiya in ya tsorata, ba dafi ba ne, ba ya kisa, wari ne zalla, wanda sabulu ba ya fitarwa sai kwana biyu. Maiɗakina ta ajiye mini bokiti a waje, ta ce in riƙa wanka a can kafin in yi sallama. Shekara ɗaya da rabi ban taɓa maciji da hannu ba. Ina wanke akwatuna, ina sauya ruwan sha, ina kiwon fararen ɓeraye da dusa da gyaɗa. Waɗansu ɓerayen abincin macizai ne, waɗansu na gwajin Dakta ne, kuma dukansu sun fi ni cin abinci a kan lokaci.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Sandar ƙugiya wani mai walda a nan unguwa ya yi mana ita. Buhun kamu na yadi ne mai zurfi, ba na leda ba, kuma ba a ɗaura shi a cinya, don haƙori na huda yadi. Sai takalmin roba har gwiwa, da farin tabarau irin na masu gurza ƙarfe saboda gamsheƙa, da guntun soso na katifa da ake danne kan maciji a kai, da kofin gilashi. Safar hannu ta roba muna da ita, amma a bakin kofi muke shimfiɗa ta mu ɗaure, ita macijin ke sara. Hannu kuwa tsirara yake aiki. Baba Luka ya ce yatsan da ke cikin safa ba ya jin lokacin da muƙamuƙi ya fara zamewa.

Ranar da ya fara barina in tatsa, kububuwa ya fiddo mini. Ƙarama ce, tsawonta bai kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, launin busasshiyar ƙasa. Ta naɗe tana goga jikinta, yana ƙara kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Na danne kanta a kan soso, na sa babban yatsa da na tsakiya a bayan muƙamuƙi, manuniya a saman kai, na ɗaga. Haƙoranta a lanƙwashe suke kwance a cikin baki kamar askar wanzami, sai za ta yi sara suke miƙewa. Na kai ta bakin kofi ta huda robar. Abin da ya sauka ɗigo uku ne, rawaya-rawaya. Gumin da ya ɗiga daga haɓata ya fi shi yawa.

Washegari ya tafi da ni mahauta da kwano biyu, muka tsaya aka yanka akuya, muka tari jinin da ɗuminsa. Ya ɗiga dafin jiya a kwano ɗaya, ya jujjuya. Kafin ya juya na uku jinin ya kame ya zama kamar awara, na ɗaya kwanon kuwa yana nan ruwa. Na ce ashe jinin mutum ne ke daskarewa ya mutu. Ya ce a'a, da ma haka ne da da sauƙin ganewa. A jikin mutum dafin yana sa jini ya yi ta ƙananan gudaji ko'ina, har abin da jiki ke toshe rauni da shi ya ƙare kaf. Daga nan jini ya zama ruwa. Dasashi ya fara zubarwa, ƙujewar da aka manta da ita ta buɗe, fitsari ya yi ja. Abin da ke ruɗar mutane, ranar farko wanda aka sara yana tafiya da ƙafarsa, yana cin tuwo, har yana ba da labari. Shi ya sa ake ce mata gobe-da-nisa.

Kowanne da irin ta'asarsa. Kasa nama take ci, ƙafa ta kumbura ta zama turmi, ta yi baƙi, ta fara ruɓa. Kumurcin da ba ya tofi kuwa ba ruwansa da kumburi sosai, jijiya yake kashewa. Fatar ido ta fara sauka kamar mai gyangyaɗi, harshe ya yi nauyi, yawu ya zuba, numfashi ya gagara, alhali mutum yana jin duk abin da 'yan'uwa ke faɗa a kansa. Amma babban darasin da Baba Luka ya koya mini shi ne, macizai da yawa ba su da dafin kashe mutum, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba komai ba. Irin waɗannan mutane ko ruwan randa aka ba su za su warke. Da su ne kusan duk mai maganin maciji a ƙasar nan ya yi suna.

Masu zuwa mana iri-iri ne. Mafi yawa ɗalibai ne daga makarantu daban-daban, masu aikin kammala karatu. Kowanne zai zo da ganye a leda, wanda kakarsa ta ce a ƙauyensu shi ake sha. Ta taga suke leƙen macizai, su rubuta a takardarsu cewa sun tatsi dafi a ƙarƙashin kulawa. Wata ɗaliba ta zo neman farin ruwan da ke fitowa a bayan idon kwaɗo, muka matso mata, tana ta dariya wai me kwaɗo zai yi wa mutum. Ran nan kuwa karen Dakta ya cafki ɗaya daga cikin kwaɗin, ya yi ta kumfa yana tangaɗi, zuciyarsa na bugawa kamar za ta fasa haƙarƙari. Da tiyo muka wanke masa baki, ya tashi da ƙyar. Ɗalibar ta samu babi guda kyauta.

Sai masu gidaje. Wani magidanci a Barkin Sale ya aiko a kira mu, kafin mu iso ya watsa kananzir a ɗakin girki ya kyasta ashana. Rufin ya tafi, buhun shinkafa ya tafi. Macijin muka samu a bayan randa lafiya lau, irin mai cin ɓeran nan ne wanda ko kaza ba ya iya kashewa. Akwai kuma masu zuwa da babbar riga, musamman in zaɓe ya matso, su ja Baba Luka gefe su ce suna son ɗan kaɗan, ɓera ya dame su a gida. Baba yakan saurare su da ladabi, ya ce musu dafi ba a ba da shi a shayi, sai ya shiga jini yake aiki, don haka in ɓeran nasu mai jar hula ne, sai dai su je su cije shi da kansu. Ba wanda ya taɓa dawowa.

Dakta shi ma yana da nasa ganyen. Wani itace ne da ke bayan gidan mahaifinsa a ƙauye, kuma ya yi imani a nan Allah ya ajiye masa sunansa. Yadda yake gwaji, zai zuba dafi da ruwan ganyen a kwalba ɗaya, ya bar su rabin awa su saba da juna, sannan a yi wa ɓera allura. Baba Luka ya taɓa tambayarsa, tunda sai an gauraya tun a waje, ko manomi zai riƙa ba macijin maganin ne ya kuskure baki kafin ya sare shi. Dakta ya ce wannan tambayar marar ilimi ce. Ko da gaurayawar ma, shekara da shekaru ɓerayen mutuwa suke yi.

Sai muguwar shekara ta zo. A farkon bazara taransifomar unguwa ta ƙone, aka shiga rubuta wasiƙu. A da busar da dafi muke yi a wata tukunyar gilashi mai ƙwayoyi masu shanye laima, ya zama gari, ya daɗe bai lalace ba. Ƙwayoyin sun ƙare tun bara, Dakta ya ce firji ya wadatar, a riƙa ajiye shi ruwa. Yanzu firjin ya zama kabad. Janareta kuwa sai in an yi baƙi ake tayar da shi. Kun san zafin Minna a bazara. Dafin da ke kwalabe ya yi gurɓi, ya fara tsami. Muka gaya wa Dakta, ya ce tunda akwai wanda aka tara, kada a wahalar da macizai da sabuwar tatsa.

Sati uku bayan haka ɓeraye suka daina mutuwa. A yi musu allurar dafi da ganye, su yi miƙa su koma kan dusa. Dakta ya yi ta zagaya tsakar gida yana hamdala. Baba Luka ya roƙe shi a yi wa ɓera ɗaya allurar dafin kaɗai, ba ganye, a gani. Dakta ya ce ilimi ya riga ya tabbatar dafi yana kisa, ba sai an ɓata ɓera ba. Ni na faki ido na yi. Ɓeran ya wuni yana wasa, har ya fi sauran cin gyaɗa. Na ɗauko kejin na kai wa Dakta. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni ina kejin yake ajiye. Na ce kusa da na sauran. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce wannan ya fi abin da yake zato girma, ashe ƙamshin ganyen kaɗai ma kariya ne.

Ran da aka kawo katan-katan na korayen kwalaben maganin ganyen Dakta daga wurin masu buga takarda, Baba Luka ya wanke hannunsa a famfo, ya miƙo mini sandar ƙugiya.

“Isiyaku, ni na tsufa da koyon sabon ƙarya,” in ji shi. “Kai kana da yara. Amma ka riƙe wannan. In mutum ya zo da sara, kada ka duba fuskan Dakta. Ka kai shi wurin Rahila.”

Rahila ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a nan Kpakungu, inda ake ajiye allurar maganin dafi ta gaskiya a firjin kananzir. Baba ya koma garinsu noman citta. Ni na zauna. 'Ya'yana sun zama huɗu, kuma na gaya wa kaina ni macizai nake kula da su, kwalba ba hurumina ba ce.

An yi bikin ƙaddamarwa da rumfuna da kujerun roba da manyan baƙi. Wani mai jawabi ya ce daga yau Turawa ne za su riƙa zuwa Sauka Kahuta neman ilimi. Aka tafa. Ni ina can baya da gamsheƙa a akwatin gilashi, don a samu abin kallo. Kwalbar tana da hoton maciji a jiki, da yadda ake sha, da kwatancen gidan Dakta a ƙasa. Kafin damina ta kankama masu lasifika sun bazu da ita a tashoshi da kasuwannin ƙauye.

Wata rana da hantsi ina wanke akwatuna aka yi sallama. Wata mata ce daga wani ƙauyen noman doya, mai suna Ladi, da mijinta Tanko a kan babur, ɗan'uwansa ya tallafe shi ta baya. Kwatancen jikin kwalba suka biyo. Ta ce kwana uku ke nan maciji ya sare shi a idon sawu yana gyaran kunyar doya, ya sha maganin har ya ƙare, sun zo neman wata kwalbar. Ta kwance leda ta nuna mini macijin da ya kashe. Kububuwa ce. Na ce Tanko ya buɗe baki. Haƙoransa duk jini. Tsagar da aka yi masa da reza a ƙafa tun ranar farko tana tsatsa, tsumman ya jiƙe.

Dakta ya leƙo ta taga, ya ce a ba su kwalba ɗaya kyauta, a kuma ƙara masa cokali guda. Na ja su waje. Na tare ɗan acaba, na ce su biyo ni.

Sista Rahila ta ɗebi jininsa ta zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, ta ajiye a kan tebur, ta dubi agogo. Wannan shi ne gwajin, ba wata na'ura. Jinin mai lafiya cikin minti ashirin ya kame. Da lokaci ya cika ta karkata kwalbar, jinin ya gangaro kamar zoɓo. Ta ɗaura masa allurar ta jijiya nan take. Zuwa yamma dasashin ya tsaya. Amma tun a hanya yake kukan ciwon kai, kuma Sista ta gaya mini a gefe cewa tana tsoron jinin ya riga ya zuba a cikin kansa. Washegari bayan azahar ya rasu. Sista ta ce da ranar farko ya zo, ko ta biyu, da da ƙafarsa zai koma gona.

Ladi ta same ni a baranda, da korar kwalbar a hannu, ba komai a ciki.

“Malam, yaron maƙwabcinmu ya karanta mana, mun ba shi yadda aka rubuta,” ta ce. “Ko mun yi kuskure ne?”

Na ce, “Ba ku yi kuskure ba, Mama. Ruwan ganye ne kawai. Ba ya maganin komai.”

Ta dube ni, ta tambaye ni ko a gidan nake aiki. Na ce e. Ta ajiye kwalbar a kan tagar Sista ta tafi neman motar ɗaukar gawa.

Da na gaya wa Dakta, ya yi salati, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya tambaya ko mamacin ya sha maganin kafin cin abinci ne ko bayan ci, don mutanen ƙauye ba sa bin ƙa'ida. Na je tasha na yi wa mai lasifika magana, ya sanar a lasifikar cewa ga wani ɗan baƙin ciki ya zo. Na je wani ofis da aka ce su ke kula da irin wannan, aka ce in rubuto a takarda, na rubuto, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kwalba ta ci gaba da tafiya ƙauyuka.

Bayan wata guda wani mai ɗaukar hoto na jarida ya zo. Ya ɗauki Dakta da kwalba, ya ɗauke shi da littafi, sannan ya ce hoton ba rai, masu karatu za su so su ga gwani da maciji a hannu. Dakta ya ce in kawo mafi ƙanƙanta. Na ce Yallaɓai, mafi ƙanƙanta ita ce kububuwa, bari in kawo ɗan mesa, ba shi da dafi. Ya ce mesa ta cika girma, kuma in tatse ƙaramar tukuna ta zama fanko. Na ce ba a taɓa tatse maciji ƙarƙaf. Ya ce ya karanta. A gaban baƙo ne, ya ɗaure fuska, na fito da ita tsakar gida.

Gaskiya riƙon ya yi kyau. Na jera masa yatsu a inda ya kamata, na janye nawa, aka ɗauki hoto har uku. Abin da ba a gani a waya shi ne, kamu kowa na iya yi, saki ne aikin. Ana sakin maciji ne da jifa ɗaya, hannu ya bar wurin kafin kai ya juyo. Na buɗe baki in ce ya tsaya in karɓa, shi kuwa ya riga ya sunkuya kan akwati ya buɗe yatsu a hankali, kamar mai ajiye kofin shayi. Ta juyo ta same shi a gindin babban yatsa.

Mai hoto ya ce an yi sa'a, ga magani a gida, ya ruga ya kinkimo katan guda ya ɓalle murfin kwalba. Dakta bai ko kalle ta ba.

“Isiyaku, tare mashin.”

A asibiti Sista Rahila ta ɗebi jini ta ajiye. Na farko ya kame, don dafin bai gama zagawa ba. Dakta ya fara samun murya, har ya soma yi mata bayanin yadda jikin wanda ya daɗe yana shaƙar ganyen yake. Ta ce ya kwanta, ba inda za shi. Da la'asar ta sake ɗiba, ta ba shi kwalbar ya riƙe da kansa, ta ce ya duba agogonsa. Minti ashirin suka cika. Ya karkata kwalbar da hannunsa, jinin ya gangaro.

Sista ta riga ta haɗa allura ta rataye ruwa. Ta miƙa hannu kan taga ta ɗauko korar kwalbar da Ladi ta bari, ta ajiye kusa da ta firjin.

“Baba Dakta, da wanne za mu fara?”

Ya runtse ido. Ya ce, “'Yata, sa na firjin.”

Kwana biyar ya yi a gado, ya tashi. Mai hoto bai buga komai ba, aka ce an ba shi haƙuri.

Sati biyu da sallamarsa ya kira ni ofis, yatsa a naɗe da bandeji. Ya ce ya sake nazarin bayanan gwajinsa a natse, ya gano ganyen ya fi ƙarfi ta ɓangaren basir da ciwon baya, don haka za a sauya alƙibla. Ya ce in bi tashoshi da kasuwanni in karɓo duk kwalbar da ta rage a hannun masu lasifika, in haɗa da na sito, in ɓare takardun. Ban taɓa karɓar umarninsa da sauri irin na ran nan ba. Na bi Kpakungu, na bi Barkin Sale, na shiga ƙauyukan da ban taɓa zuwa ba, har gidajen da aka ce sun saya sun ajiye na bi, ina cewa kamfani ne ya ce a mayar.

Kwana uku na yi a gaban baho, ina jiƙa kwalabe ina kankare hoton maciji da farce, har yatsuna suka yi fari. Na ci gaba da tatsa a gidan shekaru bayan haka, har Dakta ya rufe ɗakin macizai, kuma ban san ko ɗigo ɗaya na dafin da na tara ya taɓa amfanar wani ba. Amma wannan kwana ukun na san na yi aiki.

Sabuwar takardar hoton zaki ne a jiki. Tana nan a tasha har yanzu, kuma an ce tana tafiya sosai. Masu basir ba su taɓa biyo kwatance ba.